Lambun da Kumfa Ya Raya da Ruwan Wanki

Kumfa kowa yake ce masa, har matarsa idan tana jin tsokana. Tun muna samari ya samo sunan, don ba ka taɓa ganin hannunsa babu kumfar sabulu har gwiwa ba. Wanki da guga ne sana'arsa, ni kuma ɗinki. Bango ɗaya ya raba shagona da nasa, bangon ma mara sirri, don in ya yi atishawa ni nake ce masa sannu. A haka muka yi ƙuruciya, muka yi aure, furfura ta same mu. Watan jiya Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan aminina, ya sa ya huta.

A bayan layin shagunanmu akwai wani ɗan fili. Filin nan shi ya ɗaga Kumfa, a kansa ya san daɗin sana'a, a kansa kuma ya yi kuskuren da ya tafi da shi a zuciya. Ba za a gane Kumfa ba sai an san labarin filin.

Da farko ba fili ba ne, bola ce. Ledoji, fasassun kwalabe, gashin da mai aski yake sharowa, har da ƙyallayena, ba zan ware kaina ba. Duk ruwan wankin Kumfa nan yake gangarawa ya kwanta, ya yi baƙi, ya yi wari, sauro ya mai da wajen gidan ubansa. Mai abincin da ke ƙarshen layi kullum sai ta leƙo.

"Kumfa, kai kana wanke wa mutane riga, mu kana wanke mana ciniki! Wa zai zauna ya ci abinci cikin wannan ɗoyi?"

"Yaya, in ɗauki ruwan in kai gida in sha ne?"

"Ka sha mana, ko cikin naka ya yi fari!"

Dariya yake yi, amma abin yana cinsa. Ga ruwa da tsada, kura kura yake saye wajen mai ruwa, ga shi yana zubarwa ana zaginsa.

Wata safiya ya buga mini bango. "Tela, ajiye almakashin nan ka zo ka ga ikon Allah."

Na zagaya na same shi a tsugune a bakin bola. Wata 'yar gwanda ce ta fito da kanta, ganyenta shar, daidai inda yake watsa ruwan ɗauraya ta ƙarshe. Can gefe kuwa, inda ruwan wankin farko yake bi, ko ciyawa babu.

"To, gwanda ce," na ce. "A kanta ka tashe ni daga aiki?"

"Kai dai ba ka gani sai ta kafar allura. Duba. Wannan ruwan yana kashewa, wannan yana rayawa, ni kuma shekara da shekaru ina haɗa su ina zubarwa tare. Ashe ni ne wawan."

Daga ranar hankalinsa ya koma bayan shago. Ya raba bahonsa, na wankin farko daban, na ɗauraya daban. Ruwan ɗaurayar ƙarshe ya daina zubarwa, da shi yake jiƙa kayan da za su biyo baya. Ya samo tsofaffin durorin ƙarfe ya huda gindinsu, ya zuba tsakuwa, ya bi da yashi, ya rufe da ragowar gawayin dutsen guga, ya jera su wani ƙasa da wani, ruwa yana tsiyaya daga wannan zuwa wancan. Ba wanda ya koya masa. Tambaya yake yi, ya gwada, ya ɓata, ya sake. Shukar farko duk ta ƙone, sai daga baya ya gane garin sabulun da yake amfani da shi ne da ruwan bilic. Ya koma sabulun sanda, wanda ya fi cin ƙarfi da lokaci, bilic kuma ya ware masa bokitinsa shi kaɗai. Akwai lokacin da duro ɗaya ya toshe ya ruɓe, warin ya kore mu duka daga layin har la'asar. Mai aski ya ce a tara kuɗi a kai shi a duba kansa.

Shagunan da filin duk na wani dattijo ne da muke kira Baba. Mutum ne mai sanyin hali. Shi ya ba Kumfa shago tun ba shi da komai sai baho da dutsen guga na aro, Kumfa kuma bai taɓa bari wani ya taɓa wankin Baba ba. Ran da Baba ya zo ya zauna a bencinsa kamar yadda ya saba, Kumfa ya rusuna.

"Baba, bolar nan ta baya. In na kwashe ta na shuka wani abu, babu laifi?"

Baba ya yi dariya har da tari. "Ɗana, mutane suna roƙona shago, kai bola kake roƙo? Je ka, na ba ka. Ka shuka, ka girbe, ba mai hana ka."

Shi ke nan maganar. Da ya je gida da murna, matarsa ta ce, "Baban yara, ka ce ya sa maka a takarda. Maganar baki iska ce."

Ya ce, "In dubi idon Baba in ce ya rubuta mini? Mutumin da ya riƙe ni kamar shi ya haife ni? Ai gara ƙasa ta tsage in shige."

Kunya ta hana shi. Mu duka irinmu ke nan, gara a cuce mu da a ce mun nuna wa babba ba mu yarda da bakinsa ba.

Shi kaɗai ya kwashe bolar, da baro, bayan ya tashi daga aiki. A hankali wajen ya fara canza kama. Ayaba ya fara sawa a bakin duron ƙarshe, don ita ba ta ƙoshi da ruwa. Sai gwanda, sai lemun tsami guda a tsakiya. Ƙasa kuma ya shimfiɗe ta da na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Sauro ya ragu, wari ya tafi. Mai abinci da take zaginsa ta koma aiko masa a tsinko mata ganye.

Abin da ya juya masa sana'a kuwa bai shirya shi ba. Da can a gaban shago yake shanya, ƙurar titi tana bin kayan. Da bayan shagon ya gyaru sai ya ɗaura igiyoyi a kan na'a-na'ar nan. Rana ta daki ganye, ƙamshi ya tashi ya kama tufafi. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo karɓar fararen kayanta, ta kai hanci, ta tsaya.

"Malam, wane turare kake sa wa wanki?"

"Ranki ya daɗe, turarena a ƙasa yake tsirowa. Zo ki gani."

Ya kai ta baya. Ta tsaya tana shaƙar ƙamshin. Mako bai zagayo ba sai ga abokan aikinta da ƙunshin kaya. Daga su sai wani ƙaramin masaukin baƙi ya ba shi zannuwan gado. Mutane suka fara tsallake masu wanki na kusa da su suna zuwa layinmu.

Sai ya zo mini da wata sabuwa. Ya kwashi ƙyallayen da nake zubarwa ya zube mini su a kan keke.

"Ɗinka mini jakunkuna. Na gaji da leda, ita ce ta fi cika bolar da na kwashe."

"Da wannan tarkacen? Ja nan, kore nan, kamar rigar mahaukaci?"

"Haka nake so. Ba za a sami biyu iri ɗaya ba, kowa zai gane tasa."

Na ɗinka ina mita. Duk wanda ya kawo wanki sai a mayar masa da kayansa cikin jaka, da ɗan reshen na'a-na'a a sama. In kayan suka yi datti, a cikin jakar zai dawo da su. Kuma ina zai kai jakar Kumfa in ba wajen Kumfa ba? Ni da nake ganin shirme ne, sai ga mutane suna tambayar wa ya ɗinka, nawa cinikin ma ya buɗe. Ya ɗauki ma'aikata, magidanta biyu da wata bazawara mai iya guga. Ruwan da yake saye ya ragu sosai, har mai ruwa yana cewa, "Kumfa, ka rage mini tuwo, Allah ya isa tsakanina da durorinka," yana faɗa yana cin gwandar da aka yanka masa. Da wankin nan ya yi wa 'ya'yansa karatu, ya rufe ɗakinsa da ya daɗe yana yoyo.

Ban taɓa ganin mutum yana son wuri kamar yadda yake son lambun nan ba. Da azahar in rana ta take, mu kan zauna ƙarƙashin lemun, shi da ni, kaya suna kaɗawa a kanmu. Ya kan ce, "Tela, ka san abin da ya fi yi mini daɗi? Ba cinikin ba. Dattin mutane ne yake shigowa ta gaba, ya fita ta baya yana ayaba." Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwarsa, a tawa ma.

Sai Baba ya rasu.

Babban ɗansa, wanda muke ce wa Magaji, ya dawo daga inda yake aiki don ya riƙe gidan. Zan faɗi gaskiya ko da aminina ne ya mutu: Magaji ba mugu ba ne. Yaro ne mai ladabi, a gabanmu ya girma. Ya zagaya bayan shago, ya ga abin da bai taɓa zato ba, ya yi ta jinjina kai. Bayan an kwana biyu ya dawo ya sami Kumfa yana guga, ni ma ina wajen.

"Kawu, sannu da aiki. Wata shawara na zo da ita."

"Ina jin ka."

"Wajen nan na baya ya yi kyau ƙwarai. Ina so in sa tebura da kujeru a ƙarƙashin itatuwan, a riƙa sayar da shayi da abin sanyi. Kai za ka ci gaba da kula da shukar, ruwanka ya ci gaba da gudu, kuma da rabonka a abin da aka samu. Abu ɗaya ne kawai, igiyoyin shanya za su tashi. Ba wanda zai sha shayi wandon wani yana lilo a kansa."

Na yi dariya. Kumfa bai yi ba.

"In kai shanyar ina?"

"Zan gina maka matattakala zuwa saman shagunan, ka shanya a can. Akwai rana, akwai iska."

"Akwai na'a-na'a a can?"

"Sai a hau da ita a tukwane, Kawu."

Kumfa ya ajiye dutsen guga. "Ubanka ya ba ni wajen nan. Yana bola ya ba ni, lokacin da ko kare ba ya kwana a ciki. Ina kuke sa'ad da nake kwasar kashin unguwa da baro?"

"Ban ƙaryata ka ba, Kawu, wallahi na san Baba zai iya faɗa. Amma ba ni kaɗai na gada ba, ƙannena suna nan, kowa da bakinsa. Sun ce a sayar. Ni na ce a'a, bari in nemo yadda wajen zai ciyar da mu, shukar ta tsira, kai ma ka tsira."

"Wato in zama mai ban ruwa a gonata."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na ji. Ka gaida gida."

Da Magaji ya tafi na ce, "Kumfa, yaron nan bai zo da sharri ba. Ka kwana a kan maganar."

Ya ce, "Kai ma?" Ya juya ya koma kan gugarsa.

Washegari da safe na ji ƙarar zarto ta bango. Na fita a guje. Na same shi ya yanke bututun da ke kai ruwa duron farko, ya karkatar da shi zuwa kwatar titi. Ruwan ɗauraya mai kyau yana ta kwarara cikin datti.

"Me kake yi haka, bawan Allah?"

"Ruwana ne. Ba zan shayar da abin da za a ƙwace mini ba. Filinsu ne ko? To su ba shi ruwansu."

"Wannan fa fushin kaza ne, huce kan dami. Me ayaba ta yi maka?"

"Tela, koma kan kekenka."

Matarsa ta yi magana, ma'aikatansa sun yi, mai abinci ta zo har da hawaye. Kumfa mutum ne mai sauƙin kai a komai, ka taka shi ya ce ka yi haƙuri, amma a wannan karon zuciya ta hau shi ta ƙi sauka. Ya ɗauko amalanke ya kwashe durorin ya kai gidansa.

Tagar shagona ta baya lambun take kallo, don haka a idona ya mutu. Na'a-na'a ta fara, ta kwanta ta yi baƙi. Ɗoɗɗoya ta bi ta. Ganyen ayaba suka karye suka rataye kamar tsumma. Magaji ya yi ƙoƙari, ya riƙa sayen ruwa ana zubawa, amma lambun da ya saba sha daga safe har yamma kura ɗaya ba ta ko jiƙa masa maƙogwaro. Ya dawo wajen Kumfa ya durƙusa har ƙasa.

"Kawu, don girman Allah ka maida ruwan. Ka bar igiya biyu ma a gefe, na yarda."

Kumfa yana guga bai ɗago ba. Amma ni da na san shi na ga ya goge hannun riga ɗaya ya sake gogewa, har ya kusa ƙonewa. Kalma ɗaya ta rage ya ce to. Girman kai ya riƙe masa harshe. Da ya faɗe ta, da yau wani labarin nake bayarwa.

Shi kansa ya kasa jure ganin abin. Ya daina zagayawa baya, ya toshe ƙofar da buhunan gawayi. Daga ƙarshe ya tattara ya kama wani shago a bakin babban titi, mai tayil da gilashi, babu ko taku ɗaya na ƙasa a bayansa. Ya sayi injin busar da kaya. Ruwansa ya koma kwata, garin sabulu ya dawo, don babu sauran dalilin wahala da sabulun sanda.

Na kan je wajensa da yamma. Wankinsa yana nan tas, gugarsa kamar a yanka hannu. Amma mutane suna karɓar kaya, su kai hanci bisa sabo, su ji babu ƙamshin nan na da. Masu jakunkuna suka riƙa raguwa. Masaukin baƙin ya koma wajen wanda ya fi kusa da shi, don yanzu wanki duk ɗaya ne. Bai talauce ba, kada a ce na ce. Abinci bai yanke a gidansa ba. Sai dai mutumin da yake buga mini bango don in zo in ga gwanda ya tafi. Wanda ya rage yana zaune a kan kujerar roba yana kallon inji yana juyawa. In na ɗauko maganar tsohon layi sai ya ce, "Yaya yara?"

Ciwon ƙirji ya fara masa kamar wasa, ya yi ta dannewa har ya kai shi kwance a asibiti. Na je duba shi wata rana da hantsi. Matarsa ta fita sayo magani, mu biyu ne kawai. Ya rame ƙwarai. Hannun nan da ruwa ya jiƙa shekara da shekaru ya bushe ya yi fari. Na riƙe shi.

"Tela."

"Na'am, Kumfa."

"In ka koma ka nemi yaron nan, Magaji. Ka ce durorin suna gidana, ya aiko a ɗauka. Yashin kawai za a canza. Ka ce wa mai wankin da ya kama tsohon shagona ya bar garin sabulu, zan gaya masa yadda ake yi in na tashi." Ya tsaya ya ja numfashi. "Sauran sun tafi, na sani. Amma lemun nan saiwarsa ta yi nisa. In ya ji ruwa zai farfaɗo. Na san shi."

Abin da bai sani ba, ƙannen Magaji sun gaji da jira, an sayar da filin. Mako guda kafin ranar aka sare lemun, aka baje ƙasa, aka zuba siminti. Wajen ajiye motoci za a yi. Ina kan keke ina jin sarar gatari, na kasa zura zare a allura.

Na buɗe baki in ce to, zan gaya masa. Maganar ta ƙi fita. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Ya daɗe yana dubana. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Kai, Tela. Shekara nawa kana ce wa mutane gobe za su karɓi ɗinkinsu, ko ƙifta ido ba ka yi. Yau da nake neman ƙarya guda ɗaya wajenka, ka kasa."

Hawaye ya zubo mini. Na ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwana."

"Har lemun?"

"Har shi."

Ya juyar da kai wajen bango. Can ya ce, "Da Magaji na yi faɗa, amma shukokin na hukunta. Ba su san wane ne mai fili ba. Ni suka sani, ni nake zuwa da safe." Ya matse hannuna. "Da na bar musu ruwan, Tela. Ko an kore ni, da na bar musu ruwan."

Da na sani ƙeya ce, mu duka mun san haka, faɗarta ba ta da amfani a bakin gadon mara lafiya. Na dai ci gaba da murza masa hannu.

Ya ce in ba shi ruwa. Na zuba a kofi, na tallafo kansa, ya sha kamar rabi ya ɗaga hannu. Sai na ga yana waige-waige a ɗakin, ya dubi taga, ya dubi lungu. Babu komai sai bango da gadaje da ƙarfen rataye ruwan magani. Ya miƙo mini kofin.

"Kada ka zubar a kwata. Fita ka nemi wani abu mai rai ka ba shi."

Na fita da kofi a hannu ina bin baranda, masu jinya suna kallona. Sai can bakin ƙofar asibitin na sami wata 'yar shuka a jikin katanga, duk ta yi yaushi, ban ma san sunanta ba. Na tsuguna na zuba mata a hankali, ƙasar ta shanye nan take. Da na dawo ya yi barci, matarsa tana zaune a gefensa da ledar magani a cinya. Ta ɗago ta ce, "Malam Tela, ina ka je da kofi?"

Na ce, "Aike na ya yi."

Bai ƙara kwana da yawa ba bayan nan.